Renon Fulawa da Kayan Lambu Tun Daga Ƙwayar Iri

Galibin irin fulawa ko na kayan lambu da ake zubawa ya ƙi fitowa, da ransa aka binne shi. Abu uku ne ke kashe shi kafin ya cika sati uku: ko an nutsa shi cikin ƙasa fiye da ƙarfinsa, ko an cika masa ruwa, ko an zuba shi a lokacin da zafin ƙasa ya wuce abin da zai iya ɗauka. Yadda nake reno a nan ƙasar Kano, tun daga gwada iri har ranar dashe, duk a kan kauce wa waɗannan ukun yake tafiya. Hanyar kuma ɗaya ce, ko marigol za a jera a bakin baranda, ko tumatir za a kai fadama.

Lokaci nake fara dubawa. Daga tsakiyar Oktoba, da ruwa ya ɗauke, zuwa ƙarshen Disamba, shi ne lokacin da reno ya fi sauƙi a wajenmu. Latas, kabeji, albasa da tumatir duk a nan suke jin daɗi, shi ya sa manoman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam suke zuba irinsu a wannan tsakanin. Latas ya fi kowa tsantseni. Idan zafin ƙasa ya kai wajen digiri 30, ƙwayarsa takan yi barci ta ƙi tsirowa ko da sabuwa ce fil, don haka wanda ya zuba latas a Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, kada ya zargi mai shago. Tumatir yana son digiri 25 zuwa 30, ya wuce 35 sai fitowarsa ta lalace. Tattasai da attaruhu kuwa ɗumi suke so. A tsakiyar hunturu, da dare ya yi sanyi, attaruhu yakan yi sati uku a ƙasa bai leƙo ba, mutum ya ɗauka ya mutu ya tone wurin. Fulawa irin su ziniya, marigol, fotulaka, binka da silosiya mai kan nan kamar zankon zakara, ba sa tsoron zafi, ana iya zuba su a farkon damina ko bayan ta. Abin da nake gudu shi ne Agusta, saboda yawan ruwa da rashin rana suna ruɓar da tsiro. Mutanen Jos, da sanyinsu, suna da sararin da mu ba mu da shi.

Kafin in ɓata ƙasa da taki, sai na gwada irin. Nakan ƙirga ƙwaya 20, in jera su a kan tsumma mai tsabta da na jiƙa na matse, in naɗe, in sa a leda ba tare da na ƙulle bakinta tam ba, in ajiye a ɗaki inda rana ba ta kaiwa. Kullum in buɗe in duba, in yayyafa ruwa idan tsumman ya fara bushewa. Marigol da ziniya sukan fito da farin saiwa cikin kwana 4 zuwa 7, tumatir 5 zuwa 8, albasa 7 zuwa 10, tattasai har kwana 14. Idan 16 cikin 20 suka tsiro, iri ne mai kyau. Idan 10 ne, sai a ninka yawan abin da za a zuba. Ƙasa da haka, a nemi wani. Wannan gwaji ya fi zama dole ga irin albasa, domin ransa gajere ne, da wuya ya wuce shekara ɗaya a zafinmu, alhali irin tumatir da aka adana da kyau yana kai shekara uku ko huɗu. A wajen saye, ina duba kwanan watan da ke jikin fakiti, kuma ba na karɓar wanda aka rataye a bakin shago rana na dukansa. Irin da ka gani da launin hoda ko kore ko shuɗi, magani aka shafa masa don kare shi daga ruɓa. A wanke hannu bayan an taɓa shi, a kuma nisanta shi daga yara da kaji.

Ƙasar reno ita ce wurin da na fi ɓata lokaci. Abin da ake nema shi ne ƙasa mai laushi wadda ke riƙe danshi amma ba ta riƙe ruwa. Haɗin da nake yi da bokiti ɗaya nake aunawa: biyu na ƙasar saman gona, ɗaya na taki ruɓaɓɓe, ɗaya na buntun shinkafa da aka babbaka. Idan ƙasar jigawa ce mai yashi, wannan ya isa. Idan laka ce irin ta fadama, sai in ƙara bokiti ɗaya na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, ba mai laushin nan da ke daskarewa ba. Buntun ba a ƙona shi ya zama toka. A bar shi ya yi baƙi kamar gawayi, a kashe da ruwa, a sake wanke shi sau ɗaya. Shi ke buɗe wa saiwa hanyar iska. Dusar katako ɗanya ba na sawa, domin yayin da take ruɓewa tana janye abincin da tsiro ke bukata, ganye ya yi ɗorawa.

Taki kuwa sai wanda ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ya daina wari, ya daina zafi idan ka cusa hannu cikin tulinsa. Kashin awaki ko na shanu yana bukatar wata biyu zuwa uku a tare, ana jiƙa shi ana juyawa. Kashin kaji ɗanye shi ne babban makashin tsiro: yana da ƙarfi da gishiri, ƙwaya za ta fito da saiwa, saiwar ta ƙone tun ba ta kai ko'ina ba. Ƙasar bola ma ina kaffa-kaffa da ita, ga fasassun kwalabe, ga batura, ga irin ciyawa. Komai sai na tankaɗe shi da rariyar waya irin ta magina, ƙwallon ƙasa ko kamar gyaɗa yake yana iya danne ƙwayar latas har abada.

Bayan haɗawa sai kashe cutar da ke cikin ƙasar. Idan kaɗan ce, nakan yayyafa mata ruwa ta yi danshi, in zuba a rabin duro, in rufe da buhu jiƙaƙƙe, in hura wuta a ƙasa. Da tururi ya fara fitowa ta saman buhun, sai in ba ta rabin awa ina juyawa, in sauke, in bar ta ta huce, ta kwana uku ko huɗu kafin in yi amfani da ita. Tururin ne ke aikin, don haka ba a soya ƙasa a bushe. Idan kwami ne a ƙasa, akwai hanyar manoma ta tara kara da busasshiyar ciyawa a kai a cinna wuta, tana rage irin ciyawa da cutar da ke sama-sama. Wadda ta fi shiga ciki ita ce a jiƙe kwamin sosai a watan Maris ko Afrilu, a shimfiɗa farar leda mai ganin ciki, a danne gefunanta da ƙasa, a bari sati 4 zuwa 6 rana ta dafa shi.

Wajen abin zuba iri, duk abin da ke da zurfin santimita 6 zuwa 10 kuma ruwa na fita ta ƙasansa ya yi. Tiren reno mai ramuka 72 ko 128 yana da daɗin aiki, kowane tsiro da nasa gurbin, ana zaro shi da ƙasarsa. In babu, ledar fiya wata da aka yanke bakinta aka huda ƙasanta wuri huɗu tana yi, haka gwangwanin madara, haka tsohon daro da ya ɓule. Hujin ba abin wasa ba ne. A yi shi da ƙusa mai kauri, a ɗora mazubin a kan bulo ko tsakuwa don kada ƙasa ta toshe shi. Baƙar leda idan rana ta dake ta kai tsaye tana dafa saiwar da ke gefe, saboda haka ina jera su a matse, in kare layin waje da katako ko buhu. Mai zubawa a ƙasa ya yi kwami mai faɗin mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba. Da damina a ɗaga shi santimita 15 sama don ruwa ya gangare. Da rani a nutsa shi kaɗan don ya tare ruwa.

Ranar zuba iri, ƙasar nake fara jiƙawa, ba bayan na zuba ba. In shayar da ita har ruwa ya ɗigo ta ƙasa, in bar ta ta tsane. Gwajin shi ne a damƙi ƙasar a hannu: ta dunƙule, ruwa bai fito ta tsakanin yatsu ba, kuma da ka taɓa ta da yatsa ta wargaje.

Zurfi kuma daidai da girman ƙwaya yake, ninki biyu na kaurinta, iyaka uku. Tumatir, tattasai, kabeji da albasa santimita ɗaya ya ishe su, wato ƙasa da faɗin farcen ɗan yatsa. Nakan kwantar da kara a kan kwamin in danna kaɗan, ya bar layi, tsakanin layi da layi santimita 10, in jera ƙwaya da tazarar yatsa ɗaya. Na fi son layi a kan yafi, domin iska na ratsawa, ciyawa kuma tana da sauƙin ganewa. A kula da yawa: giram ɗaya na irin tumatir yana ɗauke da ƙwaya wajen 300, na latas ya kusa 1,000. Abin da ka ɗebo da yatsu uku ya ishi gida. Marigol ƙwayarsa siririya ce doguwa, baƙa da farin gashi a wutsiya. A kwantar da ita, a rufe da ƙasa rabin santimita. Ziniya ma haka. Binka duhu take so, sai a rufe ta sosai, a ɗora buhu a kan tiren har ta fara fitowa, takan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu. Latas da fotulaka akasin haka ne, haske ke tayar da su. Latas a barbaɗa masa ƙasa ɗan kaɗan yadda ana iya hango wasu ƙwayoyin. Fotulaka kuwa ƙwayarta ta fi ta alayyahu ƙanƙanta, dubbai ne a giram ɗaya. Nakan gauraya ɗan tsunkule da cokali biyu na busasshen yashi, in barbaɗa a sama, in danna da tafin hannu, shi ke nan, ba rufi.

Daga nan, ban da waɗannan masu son haske, sai in shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar iri a sama, siririya, don iskar hunturu kada ta busar da fuskar ƙasa. Ƙwayar da ta sha ruwa ta fara motsi, idan ta bushe ko na wuni ɗaya ne, ta mutu, ƙarin ruwa ba ya dawo da ita. Amma wannan ciyawar a sa mata ido. Daga kwana na uku kullum da safe nake ɗaga ta, da na ga ƴan farare sun lanƙwaso kai suna turo ƙasa, ranar nake kwashe ta. A ƙara kwana biyu, sai a tarar da tsiro dogaye farare kamar zare, kuma waɗannan ba sa ƙara yin ƙarfi.

Ban ruwa yana son hannu mai sauƙi. Kwarara ruwa da bokiti ko moɗa yana tone iri ya tara shi a kusurwa ɗaya, ya kuma daskarar da fuskar ƙasa ta yi ɓawo. Gorar ruwa da aka huda murfinta da allura mai zafi wuri goma ta wadatar ga tire. Ga masu ƙananan ƙwaya, tiren nake tsomawa cikin faranti mai ruwa kaɗan, ƙasa ta tsotso daga ƙasa, da na ga sama ta yi duhu sai in ɗauke. Da safe nake shayarwa. Da yamma sai idan na cusa yatsa na ji bushewa, kuma tun la'asar, don ganye ya bushe kafin dare. Ruwan wanki mai omo ba ya zuwa kusa. Idan aka ga farin ɓawo a saman ƙasa ko a bakin gwangwani, ruwan yana da gishiri ko kanwa. A riƙa shayarwa sosai lokaci-lokaci har ruwa ya zube ta ƙasa ya tafi da shi.

Cutar da ta fi cin reno ita ce ruɓewar gindi. Jiya tsiro na tsaye lafiya, yau da safe ka tarar da wasu sun kwanta a wuri ɗaya, ganyensu kore shar, amma daidai inda kara ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya yi ruwa-ruwa. Ƙwayoyin naman gwari ne da ke zaune cikin ƙasa, kuma abin da ke ba su dama shi ne ruwa mai yawa, cunkoso, inuwa mai duhu da rashin iska. Wanda ya kwanta ba ya tashi. Abin yi shi ne a kwashe su har da ƙasar da ke kewaye da cokali, a zubar nesa, a tsayar da ruwa har fuskar ƙasa ta bushe, a barbaɗa busasshen yashi a gindin sauran, a rage su, a fito da su inda rana da iska ke samunsu. Tiren da cutar ta taɓa shiga sai an wanke shi da sabulu an shanya a rana kafin a sake zuba komai. A ganina yawancin masu reno a gida ƙauna ce ke sa su shayarwa sau uku a wuni, kuma ita ke jawo wannan asarar.

Inuwa ma da iyakarta. Nakan kafa rumfa mai tsayin kusan mita ɗaya, in yi mata rufin kara ko zana tsarara yadda rana ke ɗigowa, in bar gabas a buɗe don hantsi ya shiga. Bayan sati ɗaya in fara zare karan, kaɗan-kaɗan. Tsiron da aka ajiye a cikin ɗaki ko ƙarƙashin dalbejiya mai duhu zai miƙe yana neman haske, kara siriri, ganye ƙanana. Tsiro mai kyau gajere ne, kararsa da kauri, ganyensa kore mai duhu.

Sai maƙiya masu ƙafa. Tururuwa na kwashe irin latas da na albasa a dare ɗaya. Ɗora tire a kan benci da aka tsoma ƙafafunsa cikin gwangwanayen ruwa yana hana su, zagaye kwami da toka ma yana taimakawa. Gyare yana yanke tsiro daga gindi cikin dare, ƙadangare da kaji suna tsinke ganye da rana, gara kuma tana bin ciyawar rufi idan ta daɗe. Tsohon gidan sauro da aka lulluɓa a kan rumfar, aka danne gefensa da ƙasa, yana maganin mafi yawansu. Ga tumatir da tattasai amfaninsa ya wuce haka: yana tare farin ƙudan nan ƙanƙani da ke ɗauko cutar nannaɗewar ganye. Tsiron da ya kamu tun a reno ba ya yin abin kirki a gona, ko wane taki aka ba shi.

Ganye biyu na farko da tsiro ke fitowa da su na cikin ƙwaya ne. Sai na gaskiya sun fito, masu kamar na uwar, nake ragewa da ciyarwa. A tire, ɗaya nake bari a kowane rami, sauran in datse su da farce maimakon in tuge, don kada in girgiza saiwar wanda zai zauna. A kwami ina barin tazarar yatsu biyu zuwa uku. Idan zan mayar da wasu cikin leda, da tsinke nake ɗago su daga ƙasa, in riƙe ganye. Ganye idan ya yage wani zai fito, kara idan ya murje shi ke nan. Abinci kuwa ƙaramin cokalin shayi ɗaya na NPK 15-15-15, a narkar a lita biyar na ruwa, sau ɗaya a sati, a kan ƙasa mai danshi, sannan a bi da ruwa zalla a wanke ganye. Barbaɗa yuriya a kan tsiro ƙanana ƙona su yake yi.

Tumatir, latas, marigol da silosiya sukan isa dashe a sati 3 zuwa 4, da ganyen gaskiya huɗu ko biyar. Kabeji sati 4 zuwa 5, tattasai da attaruhu 5 zuwa 6, albasa 6 zuwa 8, lokacin da ta kusa kaurin fensir. Saura sati ɗaya nake cire rumfa gaba ɗaya, in rage ruwa, su saba da rana da ƙishi. Ranar dashe in shayar da su sosai tun da hantsi, in jira bayan la'asar, in ɗago kowanne da ƙasarsa. Tumatir ana iya nutsa shi har kusa da ganyen farko, kararsa na fitar da sabuwar saiwa. Tattasai, latas da fulawa a tsayar da su daidai inda ƙasa take a jikinsu tun a reno. A danna ƙasa a gefe, a ba da ruwa nan take. Tazara: tumatir santimita 50 zuwa 60, latas da marigol 25 zuwa 30, albasa 10 zuwa 15. Marigol da ziniya idan sun kai tsayin taƙi ɗaya, nakan tsinke kan, sai su yi rassa su ninka fure. Marigol yakan fara fure wajen sati 7 zuwa 8 daga zuba iri. Yana kuma da wani amfani: idan aka cika kwami da shi aka bar shi wata biyu ko fiye, yana rage tsutsar nan da ido ba ya gani mai sa saiwar tumatir da kuɓewa ƙulle-ƙulle.

Akwai waɗanda ba sa son dashe sam. Karas, kuɓewa, kankana da gurji a shuka su inda za su zauna. Ziniya ma ba ta son a taɓa mata saiwa, ko a shuka ta kai tsaye, ko a rene ta a leda a yage ledar ranar dashe.

Itatuwa masu taurin ƙwaya nasu daban ne. Kuka, bagaruwa, da itacen nan mai jan fure da dogayen kwanso da ake shukawa a harabar makarantu, ɓawon ƙwayarsu ba ya barin ruwa ya shiga, sai su yi watanni a ƙasa. Nakan goga gefen ƙwayar a kan siminti har launin ciki ya ɗan bayyana, ko in tafasa ruwa, in sauke daga wuta, in zuba a kansu, su kwana a ciki. Waɗanda suka kumbura su nake shukawa, sauran a maimaita musu. Zogale ba ya bukatar wannan, a sa shi zurfin santimita 2, cikin sati ɗaya zuwa biyu ya fito. Ƙwayar gwanda tana cikin wata jaka mai yauƙi da ke hana ta tsirowa. A murje ta a rariya, a wanke, a shanya a inuwa, a shuka uku a rami ɗaya tunda sai sun yi fure ake gane namiji da mace. Irin dalbejiya kuwa sabo ake shukawa, ƴan makonni kaɗan yake yi ransa ya fita.

Mai son ajiye irin kansa ya fara duba fakitin da ya saya. Idan an rubuta F1, haɗin aure ne, ƴaƴansa ba za su fito kamar uwar ba. Irin su tumatir UC82B da Roma VF, da albasar Galmi, suna maimaita kansu. Na tumatir, a matse nunannun ƴaƴa daga uwa mai lafiya cikin kofi, a bar su kwana biyu zuwa uku su yi tsami, a wanke, a zubar da masu tasowa sama, a shanya na ƙasan a inuwa a kan faranti. Marigol da ziniya a bar furen ya bushe a jikin uwar, a tsinke, a murje. Sai ƙwaya ta bushe ƙayau ake zuba ta a kwalba mai murfi, tare da ɗan gawayi ko busasshiyar toka a ƙulle cikin tsumma don tsotse danshi. A rubuta suna da wata da shekara a jiki, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da kicin da ƙarƙashin kwano.